Tagwayen Tsirkiya: Daga Izgar Gogen Gobir Zuwa Jita Mai Tudun Ƙirji

Duk wanda ya tambayi mutumin Isa labarin kiɗa, sunan da zai fara ji shi ne Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Hakan daidai ne, domin har yau malaman jami'a ba su gama tsefe waƙarsa ta Bakandamiya ba. Sai dai kotso Narambaɗa ya riƙe, kotso kuwa na fada ne: yana da ƙa'idarsa, yana da ranakunsa, yana da waɗanda aka yarje wa su taɓa shi. A bayan katangar fada akwai wani amon dabam da ya daɗe yana tashi a ƙasar Gobir, wanda ba a cika kula da tarihinsa ba, wato amon tsirkiya. Garayar maharba, gogen 'yan bori, gurmin dandali, molon mai yawon duniya. Waɗannan su ne kayan kiɗan da aka fi yi wa ƙari da ragi a cikin shekaru ɗarin da suka shuɗe, kuma labarinsu yana da dangantaka ta kusa da wata jita da ake ji da ita a ƙasashen Turawa, mai tudun ƙirji da tagwayen tsirkiyoyi.

Bambancin ganga da tsirkiya a wannan yanki tsoho ne. A zamanin da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi, shekarar 1808, malaman jihadi sun riga sun sa wa kaɗe-kaɗe ido. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa shagala da kiɗan da ba shi da manufa cikin ɗabi'un sarakunan da yake suka a Kitabul Farƙ. Ganga ta sami mafaka saboda ana bukatarta wajen yaƙi da shela da tara jama'a. Tsirkiya ba ta sami mai tsaya mata ba. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka yi arewa, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya ɗaya daga cikinsu, Ɗan Halima, ya ɓalle daga can ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ribaɗi ce ta daular Sakkwato. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, dangi ɗaya ya rabu gida biyu, amma mai goge bai taɓa neman izinin kowa ba kafin ya ratsa daji zuwa bikin 'yan uwansa. A Gobir ɗin ma tsirkiya tana da ƙofa guda ta shiga gidan sarauta, ta hannun Inna, uwar 'yan bori, wadda ke da makaɗanta. Ban da wannan, wurinta kasuwa ne da tasha da bakin daji.

Wannan wariya ta jawo wa masu tsirkiya raini mai yawa, har iyaye kan ƙi ba su aure. Amma ta ba su wani abu da makaɗan fada ba su samu ba. Tambarin sarki ba kowa ke yi masa gyara ba, ba kuma a sake masa siffa don son rai. Mai garaya kuwa shi ne masassaƙin kansa, shi ne majemin kansa, shi ne baduku. In muryar ba ta yi masa ba, sai ya kwance, ya sake fata, ya gusar da jaki, wato ɗan abin da tsirkiya ke hawa a kan fata, ya ƙara wa sanda tsawo. Babu wanda zai ce masa kakanni ba haka suka yi ba.

Abin da yake nema a duk wannan kwance-kwance shi ne kaurin murya. Tsirkiya guda siririya ba ta cika fili, musamman filin da ake guɗa, ana tafi, ana buga ƙwarya. Bahaushe ya warware wannan matsala ta hanyoyi da dama, tun kafin ya ga lasifika. Tsirkiyar goge, in aka duba ta da kyau, ba zare guda ba ce: izgar doki ce, gashi masu yawa da aka tattara aka ɗaure wuri ɗaya, ana goga mata wata izgar da aka shafa wa ƙaro. Kowane gashi yana rawarsa, kuma wannan ne ke ba goge muryar nan mai kaushi da ke shiga jiki. Garaya tana da tsirkiya biyu, ana kaɗa ta da ɗan guntun busasshiyar fata, amma a ƙarshen sandarta akan soka ceɓa, ɗan faifan ƙarfe mai zobba, wanda ke zuza duk lokacin da aka taɓa tsirkiya. A gefe kuma ga masu buta suna caki. Babbar garayar maharba, komo, ita kuma da girman ciki take cika daji. Kunnen da ya tashi da waɗannan ba ya son amo tsirara. Yana son amon da ke da inuwa, wani ƙaramin sauti yana bin babban a baya.

Kayan haɗin ma ba su tsaya wuri ɗaya ba. Da kantunan Turawa suka kawo kifin gwangwani, sai gwangwanin ya zama cikin kuntigi, aka rufe shi da fatar akuya. Da shi Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a 1946 ya rasu a 2015, ya zagaya duniya, tsirkiya ɗaya tak a hannunsa. Ibrahim Na Habu ya fito da kukuma, ƙanwar goge mai ƙaramin jiki da siririyar murya, Garba Supa da Hassan Wayam suka ɗora. Haruna Uji na Haɗeja ya sa gurmi a bakin kowa ta rediyo da kaset. Zaren lailon na masunta da wayar birkin keke suka shigo suka zauna inda jijiya da fata suke a da, saboda damina ba ta sa su saki, kuma ana samunsu a kowace kasuwa, daga ta Shinkafi ranar Alhamis har ta Illela ranar Lahadi. Dattawa sun yi ƙorafin cewa zaƙin ya ragu. Wataƙila suna da gaskiya ta wani fannin. Amma makaɗin da zai kwana yana kiɗa ya fi kowa sanin abin da tsinkewar tsirkiya a tsakiyar waƙa take jawowa.

A wasu ƙasashe an bi wata hanya dabam zuwa ga wannan kaurin muryar: a jera tsirkiya biyu daf da juna, yatsa ɗaya ya danne su tare, a kaɗa su tare. Ud na Larabawa haka yake, galibi tagwaye biyar da guda ɗaya mai kauri a gefe, jimla 11. Mandolin na Italiya tagwaye huɗu ne. Hausawan da hanyar hajji ta ajiye a Sudan sun san wannan amon da wuri. A'isha Fallatiya, wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Sakkwato, ta fara waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, lokacin da mace ba ta yin haka a fili, kuma 'yar uwarta Jidawiyya ce ke kaɗa mata ud. Ta rasu a 1974, har yau Sudan ba ta manta da ita ba. Ke nan jinin Sakkwato ya riƙe tagwayen tsirkiya tun kafin yawancin mutanen gida su ga jita da idonsu.

Sirrin tagwayen yana cikin ɗan saɓanin da ke tsakaninsu. Duk iya ƙwarewar mai ɗauri, tsirkiya biyu ba za su yi daidai ɗari bisa ɗari ba, kuma makaɗi yakan taɓa ɗaya kafin ɗayar da ƙiftawar ido. Wannan ɗan bambanci shi ke sa amon ya riƙa kaɗawa, yana hawa yana sauka, har a ji kamar mutum biyu ne ke kiɗa. A jita mai tsirkiya 12, tagwaye biyun da suka fi sirantaka murya ɗaya suke yi. Sauran huɗun kuwa kowace mai kauri an haɗa ta da siririya wadda ke faɗin abu guda amma a sama, kamar uba da ɗansa ƙarami suna rera baiti ɗaya.

Ita jita mai tudun ƙirji tana da nata asalin. A shekarun 1890, a garin Kalamazoo na jihar Michigan a Amurka, wani mai suna Orville Gibson ya ga cewa gogen Turawa yana da ƙarfin murya saboda fuskarsa da bayansa sassaƙa su aka yi suka yi tudu, ba shimfiɗaɗɗen katako aka manna ba. Sai ya yi wa mandolin da jita irin wannan sassaƙa. An kafa kamfani da sunansa a 1902. A farkon shekarun 1920 Lloyd Loar, ma'aikacin kamfanin, ya fito da samfurin L-5, wanda maimakon rami guda a tsakiya aka yi masa tsaga biyu masu lanƙwasa a gefe da gefe, irin na gogen Turawa. Muryarta gajera ce mai naushi, tana ratsa ƙarar ƙahonni da ganguna, don haka ƙungiyoyin kiɗan jaz suka rungume ta suka ajiye banjo. Akwai abin lura a nan. Banjo ɗin da aka ajiye bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka haife shi, daga ƙwarya da fata da sanda, kuma masu bincike sukan ambaci gurmin Hausa da akontin na Jolawan Senegal da Gambiya cikin danginsa na kusa. A 1936 Gibson ya sa wa irin wannan jita na'urar ɗaukar sauti ta lantarki, samfurin ES-150, wanda Charlie Christian ya yi suna da shi.

Mai tsirkiya 12 kuwa ta talakawa ce tun farko. Kamfanin Oscar Schmidt ya riƙa yin masu araha da sunan Stella, baƙaƙen fatar kudancin Amurka masu kiɗa a bakin titi suka saye su saboda suna da ƙara, ba sa bukatar lantarki. Lead Belly da Blind Willie McTell da ita aka san su. Sai a watan Fabrairun 1964, da kamfanin Rickenbacker ya ba George Harrison na ƙungiyar Beatles wata mai lantarki, samfurin 360/12, duniya ta ruɗe da amonta, Roger McGuinn na ƙungiyar Byrds ya mai da ita tambarinsa. Gibson ma ya yi ES-335 mai tsirkiya 12 a tsakiyar shekarun 1960. Amma cikakkiyar mai tudun ƙirji, sassaƙaƙƙiya, mai tagwayen tsirkiya, ba ta taɓa yawa a kasuwa ba. Mai son ta sai ya ba maƙeri na musamman aiki da tsada, ko kuwa ya ɗauki mai shida ya mayar da ita da hannunsa.

Gwanin masu mayarwa shi ne Big Joe Williams, mutumin Mississippi, wanda ya rayu daga 1903 zuwa 1982. Bai nemi goma sha biyu ba. Ya huda kan jitarsa, ya ƙara kunnuwan ɗaure tsirkiya uku, ya yi wa tsirkiya ta ɗaya da ta biyu da ta huɗu tagwaye, ta zama mai tara. Wani masanin tarihin kiɗa da ya gan shi yana wasa ya ba da labarin cewa har faifan kwano ya kafa a jikin lasifikarsa, ya rataya gwangwani yana taɓa shi, don komai ya riƙa zuza in ya kaɗa. Duk mai garaya a Sabon Birni zai gane abin da mutumin nan yake nema ba tare da an yi masa tafinta ba. Ceɓa ce ya yi wa kansa. A Kuba ma makaɗa da yawa sukan ɗauki jita ta yau da kullum su jera tsirkiyoyinta shida biyu-biyu, ta zama tres, mai tagwaye uku.

Aikin mayarwar kansa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ake gane wanda ya san katako. Tsirkiyoyin ƙarfe shida na jita suna jan wuyanta da nauyin da ya kai kimanin kilo 70. In suka zama 12, nauyin yakan haura kilo 100. A jita mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, jakin manne yake da gam a kan fuskar, kuma a jikinsa tsirkiyoyin suke ƙarewa, don haka ƙarin nauyi yakan ɗago shi, ko ya kumbura katakon har ya tsage. Mai tudun ƙirji ba haka take ba. Jakinta ba a manne yake ba, zaune kawai yake, tsirkiyoyin ne ke danne shi, su wuce ta kansa su je su kama wata wutsiyar ƙarfe da aka kafa a gindi. Wanda ya taɓa ɗaure goge ko gurmi ya san wannan tsari sarai, domin jakinsu ma haka yake zaune a kan fata, in an sassauta tsirkiya ya faɗi. Saboda haka ta ƙasa aikin yana da sauƙi: a sake wutsiya da mai ramuka 12, a yi wa jaki sababbin tsaga, shi ke nan. Nauyin ƙasa yake dannawa, tudun kuwa don ɗaukar danni aka yi shi.

Wahalar tana sama. Kan jita mai shida ba shi da filin kunnuwa 12. Wasu sukan nemo ƙananan kunnuwa irin na mandolin su cusa a tsakanin na asali. Wasu sukan yanke kan su yi masa ƙari da wani katako, aikin da in gam bai kama da kyau ba rana ɗaya zai ɓalle. Rickenbacker ya yi dabarar juya rabin kunnuwan suna kallon baya, rabi suna kallon gefe, don kan ya tsaya gajere. Ko an dace da wannan, ƙarin ƙarfe yana sa kan ya yi nauyi ya riƙa rinjaya ƙasa, makaɗi yana kiɗa yana tallafe. Sannan ga faɗin wuya. Mai shida faɗinta a sama kimanin milimita 43 ne, wadda aka ƙera don 12 kuwa takan kai 47 ko 48. Wannan ɗan bambanci a ido ba komai ba ne, a yatsa kuwa shi ne komai. Dole a sassaƙa sabon ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a bakin wuya, a yi masa tsaga 12, tagwaye su kusanci juna ba tare da sun gogu ba, kuma a bar wa yatsa wurin sauka tsakanin waɗannan tagwaye da na kusa da su. Kuskuren rabin milimita ya isa ya ɓata aikin.

Akwai kuma abin da ba ya gyaruwa gaba ɗaya. Tsirkiya mai kauri da siririya ba tsawo ɗaya suke so ba in ana son muryarsu ta yi daidai har ƙasan wuya, ga shi kuwa jaki ɗaya suke hawa. Don haka in yatsa ya yi nisa sai a ji sun fara saɓa wa juna fiye da yadda ake so. Masu hankali sukan sa tsirkiyoyi marasa kauri, su sassauta ɗaurin ya sauka da mataki ɗaya ko biyu, su ƙara ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya, sannan su riƙa duba ƙirjin ko ya fara lotsawa kusa da tsagogin nan biyu. Tsohuwar jita sassaƙaƙƙiya mai daraja bai kamata a kai mata wuƙa ba ko kaɗan, domin ramin da aka huda ba ya komawa. Mai araha, wadda aka yi da katako mai falle-falle, ita ta fi jure wannan aiki, kuma hanyar Big Joe ta ƙara biyu ko uku ta fi hikima: ana samun yawancin zaƙin, wuya bai karye ba.

To ina jita ta tsaya a ƙasar Gobir? A nan iyakar da Turawa suka shata ta yi aiki fiye da yadda ake zato. A arewacinta jita ta yi saiwa. Buzayen da fari da rikici suka kora zuwa Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980 sun dawo da ita, suka zuba mata salon molonsu. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen, wadda ta ci kyautar Grammy a 2012, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta farkonsa. A Nijar, Abdallah Oumbadougou ya buɗe hanya. A Maraɗi, Sa'adu Bori ya ɗauko waƙoƙin bori da aka saba ji a bakin goge ya ɗora su a kan jitar lantarki, faifan da suka yi da Musa Fusi a 1994 ya kai har Turai, kasetsa kuwa sun cika motocin haya a ɓangarorin iyaka biyu kafin rasuwarsa a hatsarin mota a 2008.

A wannan shekarar ce ta 2008 wani saurayi daga jihar Tawa ya gangaro Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar. Sunansa Mahamadu Sulaiman, duniya ta san shi da Mdou Moctar. Gidansu ba su yarda da kiɗa ba, don haka jitarsa ta farko a ɓoye ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, da mabuɗan gwangwanin kifi a matsayin kunnuwa. Bahago ne kuma, bahagon da ya sami jitar masu hannun dama kuwa dole ya juya tsirkiyoyinta, wanda shi ma wani nau'in mayarwa ne, irin wanda makaɗin jita Jimi Hendrix ya yi. Abin da ya kawo shi Sakkwato shi ne salon situdiyon Hausa, mai gangar na'ura da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa. Waƙoƙin suka bazu a Sahara daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har suka faɗa hannun Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, wanda ya saka ɗaya a wani tarin waƙoƙi a 2011. Yau Mdou Moctar yana cikin mashahuran makaɗan jita na duniya. Gwangwanin kifin da ya zama cikin kuntigin Ɗan Maraya shi ya ba jitar wannan yaro kunnuwa, kuma babu alamar ɗaya ya koya daga ɗaya. Rashi ne malaminsu duka biyu.

A kudancin iyaka labarin ya bi wata hanya. Jita ta tsaya a coci da barikin soja da unguwannin baƙi, ba ta shiga bikin Bahaushe sosai ba. Abin da ya shiga shi ne lasifika da janareta, sannan fiyano. Mai kukuma ya ɗaura ɗan makirfo a jikin ƙwaryarsa, sai ga shi ana jin sa daga ƙarshen gari, ceɓa da yawan 'yan ƙwarya suka rage muhimmanci. A ƙarshen shekarun 1990 situdiyoyin Kano suka kama fiyanon Yamaha, fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna wa kowa cewa mutum ɗaya da na'ura ɗaya sun isa su yi kiɗan da zai mamaye ƙasa. A cikin ɗaruruwan muryoyin da ke cikin irin wannan fiyano har da ta jita mai tsirkiya 12. Abin da Big Joe ya huda katako don ya samu, yaro a Isa zai iya kiran sa da danna maɓalli. Wannan ci gaba ne ta fuskar sauƙi, kuma ya ba samari da yawa abinci. Sai dai fiyano ba a kwance shi a sake masa fata. In ya lalace, sai mai gyaran rediyo, in ya gagara a jefar. Makaɗi ya tashi daga mai ƙera muryarsa ya koma mai zaɓa daga cikin waɗanda aka ƙera a Japan.

Da aka fara aiki da shari'a a Zamfara a Janairun 2000, Sakkwato ta bi baya a shekarar, wuraren da goge ke kwana yana kuka suka ragu ƙwarai, bori ya ƙara shigewa cikin gida. Amma abin da ya fi kassara sana'ar shi ne rashin tsaro. Tun wajen 2019 ƙauyukan Sabon Birni da Isa suke cikin uƙubar 'yan bindiga. Dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi gudun hijira. A Satumban 2021 an katse layukan waya a yankin, an hana cinikin dabbobi a kasuwanni. A Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Kusa da asarar rayuka, maganar garaya ƙarama ce, kuma babu mai hankalin da zai daidaita su. Amma sana'ar tsirkiya da waɗannan abubuwa take numfashi: bikin dare, farautar rani, kasuwar da ake samun izga da fatar guza, hanyar da yaro zai bi ya je ya zauna wurin maigidansa shekara da shekaru yana kallon hannunsa. In babu su, abin da ke ɓacewa da farko ba waƙar ba ce, domin ita tana cikin waya. Sanin yadda ake haɗa kayan ne.

Maƙwabta sun nuna cewa abin yana iya juyawa. A Mali, Bassekou Kouyate ya ɗauki ngoni, ɗan uwan molo, ya ƙara masa tsirkiyoyi, ya sa masa maratayi ya miƙe tsaye da shi a dandamali, ya haɗa manya da ƙanana a ƙungiya guda, faifansa Segu Blue na 2007 ya sa samarin Bamako suka koma neman abin da suka raina. A Nijar, Malam Mamman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurmi, ya tafi bakin tafkin Chadi a 2002 ya koyi biram mai tsirkiya biyar wurin Bukar Tar, dattijon Buduma da ake ganin shi ne na ƙarshe da ya iya ta. Kafin rasuwar Barka a 2018, biram ta hau dandamalin Turai. A Yamai kuma cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya tana ajiye da kayan kiɗan gargajiya na ƙasar don masu koyo su gani su taɓa.

A kudancin iyaka kuwa, an yi aiki mai yawa a kan baitoci. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ɗalibansa sun tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, David Ames da Anthony King kuma sun rubuta sunayen kayan kiɗa da sassansu tun 1971. Abin da ya rage shi ne aikin hannun. Maƙeran jita a Amurka suna da awon kaurin ƙirjin L-5 na zamanin Loar, shi ya sa mai son ƙara mata tsirkiya ya san iyakar abin da za ta ɗauka. Dattawan Gobir masu haɗa garaya da goge, waɗanda wasunsu yanzu suke zaune a Sakkwato ko Gidan Rumji ko Maraɗi, suna da irin wannan sani a yatsunsu. Ɗalibi ɗaya daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da waya mai kyamara da magwajin tela, zai iya zama da su ya rubuta wane itace ake sassaƙa ciki da shi, kwana nawa fata take yi kafin a ɗaura, ina jaki yake zama, yaya ake zaɓen izga, da abin da ya sa wani ya bar jijiya ya koma lailon alhali wani ya ƙi.